Shekarar da Na Kai Babanku Sabon Gari

Bintu, Mustafa, Zara, yau zan taɓa wurin da na daɗe ina kewayewa. Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin dangin babanku: wai ni Falmata na ɗauki mijina yana jinya na kai shi bayan wani shago a Sabon Gari na ajiye, na koma gida na miƙe ƙafa, har ya cika ba na kusa. Ban taɓa tanka musu ba. Mai takaba ba ta da bakin musu, bayan takaba kuma neman abin da za ku ci ya ishe ni. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ya fara dishi-dishi, ba na so in bi babanku in bar maganar yadda suka jera ta. Rabinta gaskiya ne, shi ya sa ta yi tsawon rai. Sauran rabin ne ba a gaya muku ba.

A Fagge aka haife ni, a Fagge aka haifi babanku Malam Bukar. Kakanninmu ne suka zo daga Barno, mu dai ba mu san wani gari ba sai Kano. Gidansu gidan gado ne babba a bayan Kantin Kwari. A soron yake wankin hula, ni kuma ina ciki ina haɗa turaren wuta da humra ina sayar wa mata. Ba mu da dukiya, amma komai yana bakin ƙofa. Ko da aka ce yana da ciwon suga ban wani firgita ba. Ranar ganin likita sai ya yi sallar asuba ya fito titi, ya ɗaga hannu Adaidaita Sahu ya tsaya, kafin in gama dama koko ya karɓi kati yana kan layi. Haka ya yi shekaru da ciwon, yana shan maganinsa, yana kiyaye abin da aka hana shi. Wanda bai sani ba, ba zai ce yana da wata larura ba.

Sai kasuwa ta fara cin unguwa. Yau a rushe wannan gida a yi shaguna, gobe a rushe wancan a yi wurin ajiye dilolin atamfa. Yayansa Ba Modu ya tasa 'yan'uwa a gaba sai an sayar kowa ya kama gabansa. Babanku ba mutum ne mai ja-in-ja ba, ya sa hannu. Abin da ya zo hannunsa ko ɗaki ɗaya ba zai saya a cikin gari ba, sai wani da yake kawo masa wankin hula ya nuna masa fili mai araha a Tudun Gawo. Muka yi ɗaki biyu da rabin katanga, muka kwashe ku muka tare. Ke Bintu kin fara zama budurwa, Mustafa yana firamare, Zara tana goye a bayana.

Tudun Gawo kun san shi, amma da gada kuka san shi. A wancan lokacin babu ita. 'Yan gidaje ne a kan tudu, tsakaninsu da kwalta akwai burtali mai nisa da rafi, wanda da rani yashi ne, da damina kuma sai abin da Allah ya yi. Akwai ɗakin shan magani, amma kwaɗo ya fi ma'aikacin zama a ƙofar, in ka yi sa'a ka same shi ma abin da zai ba ka bai wuce na ciwon kai ba. Mota guda ce a garin, akori-kurar wani Ɗan'asabe. Ita ma ba don mutane take tashi ba, don kayan gwari ne. Sai an gama loda kwandunan tumatir da buhunan albasa, sannan mutane su hau sama su zauna a inda suka samu. Ba ta tashi sai ta cika, ba ta kuma cika sai manoma sun ga dama. Ka tambayi Ɗan'asabe yaushe za a tashi, ya ce maka yanzun nan, alhali ko makullin bai ɗauko ba.

Babanku da bai taɓa riƙe fartanya ba, ya ce tun da ga fili bari ya ɗan yi shuka a bayan gida. A nan tushen kara ya soke shi a tafin ƙafa. Bai ma ji ba, don ciwon ya riga ya kashe masa jin ƙafar, ni ce na ga jini a takalminsa. Ɗan rami ne da bai kai kan yatsa ba. Muka wanke da ruwan zafi da gishiri muka ɗaure. Ya ƙi kamewa, ya fara faɗi, ya fara ruwa. Da muka samu muka je asibiti, likita ya yi ta faɗa, ya ce irin wannan gyambo a ƙafar mai suga ba a wasa da shi, sai an riƙa zuwa ana wankewa a kai a kai, ba fashi. Na ce to.

Ba fashi! Mu da za mu fito tun duku-duku mu zauna a gindin gawo muna kallon ana loda albasa har rana ta take. Asibitin kuwa da sassafe ake raba kati, wanda ya zo bayan hantsi sai dai gobe. Sau nawa muka isa muka tarar an rufe tagar, muka juyo da ciwon yadda muka je da shi, ga kuɗin mota ya tafi. Mun gwada acaba sau ɗaya. Kafin mu kai kwalta ramukan burtalin nan sun jijjiga ƙafar, bandejin ya jiƙe sharkaf, ɗan acaban da kansa ya ce kada mu ƙara. Duk wannan babanku ya jure. Abin da ya karya shi daban ne. Ciwon ya fara wari. Ni da turare ne sana'ata, na turara masa riga da wando da bandejin kansa, na shafa masa humra, amma idan rana ta buga aka matsu a saman kaya, sai ƙamshin da warin su haɗu su zama wani abu da ya fi warin muni. Mata suka riƙa jan mayafi suna rufe hanci. Ran nan wata da ke gefensa ta ɗaga murya.

"Direba, wai ko akwai mushe a cikin kayan nan ne?"

Aka yi 'yar dariya, wasu suka yi tsit don sun gane. Na buɗe baki zan wanke ta tas, ya danne mini hannu. Mutumin da duk Fagge aka san shi da tsafta, wanda manyan 'yan kasuwa suke ba shi hular da za su ɗora a kansu ranar Juma'a. Har muka sauka bai ɗaga ido ba.

Daga ranar sai ƙafa ta fara sauƙi a bakinsa. In na ce gobe asibiti, ya ce ai ta kama hanya, a bar kuɗin a saya wa yara hatsi. Ya karɓe ɗaurin daga hannuna, ya ce shi zai riƙa yi, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Na bar shi na ɗan lokaci don ina jin nauyinsa, amma hancina ba ya ƙarya. Wata safiya na tura ƙofar na kwance bandejin da ƙarfi. Abin da na gani ba zan rubuta muku ba, yatsu biyu sun yi baƙi. Na yi masa faɗan da tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa yi masa ba. Na ce don wata banza ta yi magana a mota za ka bar mini marayu? Washegari na biya wa Ɗan'asabe kujerar gaba, muka tafi.

Aka kwantar da shi, aka cire yatsun nan biyu. Da za a sallame mu likita ya kira ni gefe, ya ce in har za mu koma inda muka fito mu riƙa zuwa yadda muka ga dama, to mu shirya, zuwa na gaba daga gwiwa za a yanke. Na zata babanku bai ji ba. Da na dawo bakin gadon ya kamo gefen zanena.

"Falmata, da ƙafa biyu na zo duniya. Ki taimake ni in koma da su."

Wannan ita ce kaɗai alfarmar da ya taɓa roƙona a zamanmu. Na bar shi a benci a asibitin na nufi Fagge wurin Ba Modu, wanda ya kama hayar bene da nasa rabon. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ƙaninka yana bukatar wurin kwana kusa da asibiti, ko soro ne, har ciwon ya kame. Ya yi ta juya carbi. Ya ce gidan haya ne, mai gidan ba ya son taro, ga matakala, ga yara, ga shi ciwon an ce yana wari. Ya ce akwai wani mai maganin gargajiya da ya sani, in koma gida zai aiko da garin magani. Har yau ina jiran garin. Na bi ƙannensa biyu, kowa da nasa uzurin, kuma ban ce duk ƙarya suke ba, kowa sayar da gidan nan ya jefa shi a ɗaki ɗaya da 'ya'ya. Na fito na biyo ta shataletalen Bata, mutane kamar ƙasa, kowa yana ture ni da kayansa, ni kuwa ina tafe ina kuka a cikin mayafi, ban san inda zan kai mijina ba.

A jakata akwai kwalbar humra da Maman Ify ta yi odar tun kafin a kwantar da shi, sai na ce bari in kai mata ko na samu na mota. Ku kun san ta da tsufa. A lokacin ba ta daɗe da barin aikin nas ba, ta buɗe ɗan kemis a gaban gidansu a Sabon Gari. Ibo ce, Kirista, a Sabon Garin aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Tun ina amarya take sayen turarena. Tana ganin idona ta ajiye kwalbar, ta ce in zauna. Na zayyana mata komai. Ta leƙa cikin gida ta kira mijinta, suka yi magana da yarensu 'yar kaɗan, sannan ta juyo.

"Maman Bintu, akwai ɗakin da nake ajiye kwalaye a baya. Ƙarami ne, gado ɗaya zai ci. Ki kawo Malam. Wankin ciwo ai aikina ne, asibiti kuma ga Adaidaita a ƙofa."

Na ce sai na tambaye shi. Da na gaya masa, ya ce mutane fa? Na ce mutanen na zagaya su yau, duka. Kafin mu iso Baban Ify ya kwashe kwalayen ya share ɗakin, ya je masallacin layin ya kira ladan ya zo ya nuna musu gabas, ya sa alli ya yi alama a bango. Matar ta sayi sabuwar tukunya da kwano ta ce na Malam ne shi kaɗai, don kada zuciyarsa ta yi masa wasuwasi. Ban roƙe su ko ɗaya daga ciki ba.

To me ya hana ni zama da shi? Wannan ita ce tambayar dangin babanku, ga amsarta. Ɗakin in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a tsaye. Ku uku kuna Tudun Gawo a gidan da katangarsa ba ta kai kafaɗa ba, Bintu budurwa, ba mu da kowa a garin. Kwana biyu aka bar gida ba kowa, kwanon rufin ma sai an kwance. In bar ku wa wa? Na raba kaina biyu, kuma kowane rabi yana ganin an cuce shi.

Ban taɓa sanin kaɗaici ba sai a shekarar nan. Na tashi a gidan da ko tari ka yi sai mutum goma sun ce sannu, ga ni a kan tudu, in kun tafi makaranta ba motsin kowa sai na awaki. Matan garin ba su da laifi, baƙuwa ce ni, kuma labari ya riga ya iso musu cewa na kai miji gidan Kirista na baro. In na je rijiya sai hira ta mutu. Da yamma in na kwashe tuwo sai in ga na zuba a kwanonsa, in tsaya ina kallon kwanon, in juye muku. Sabis ɗin waya ba ya kamawa sai a kan wani suri a bayan gari. Can nake hawa bayan la'asar, Zara a baya, in kira shi. Ba mu saba hira a waya ba, mu da muka saba zama kusa ba magana. Ya ƙafa? Da sauƙi. Ya yara? Lafiya lau. Sai mu yi shiru ina jin ƙarar janareto ta wajensa, shi yana jin iska ta wajena, har katin ya ƙare.

Shi ma nasa ya sha. Ina zuwa duk ranar da motar ta tashi kuma akwai na zuwa, wani lokaci sati, wani lokaci ya fi. In tarar da shi a kan benci a bakin kemis, ƙafar a kan kujera, yana kallon mutanen da bai sani ba suna wucewa. Fagge ga ta can, tafiyar da yaro zai yi da ƙafa, amma cikin 'yan'uwansa babu wanda ya tako, wai ba za a gan su suna shiga gidan ba. Ladan ne yake zama da shi bayan magariba. Ya rame, ya yi shiru fiye da da. Amma ciwon, wallahi tallahi, kullum na zo sai na ga ya ja baya. Safe da yamma Maman Ify take wankewa, ba ta taɓa tsallake rana ba, ranar Lahadi ma sai ta yi kafin ta tafi coci. Ranar likita mijinta ya tare Adaidaita ya raka shi. Warin ya tafi. Nama ja ya fara cikowa. Wajen faɗuwar ruwan farko bakin gyambon ya haɗe, ya fara takawa da sanda zuwa masallaci.

Zuwana na ƙarshe damina ta yi nisa, da kyar motar ta haye rafin. Na same shi ya yi aski, ya sa hular da ya wanke da hannunsa. Ya miƙe tsaye ba sanda don in gani. Na yi guɗa a bakin kemis, Maman Ify tana dariya. Da muka shiga ɗaki ya ce:

"Yau tare za mu koma. Na gaji, Falmata. Zara ta fara magana ban ji ba."

Na ce a'a. Na ce marka ce ke tafe, rafin nan in ya cika sai ya yi kwanaki ba a haye shi, fatar wurin sabuwa ce, ga laka, ga ƙaya. In ya buɗe muna can, wa zai fito da mu? Duk wahalar nan ta tashi a banza ke nan.

"Ka yi haƙuri ruwa ya ɗauke, Malam. Da kaka ni da kaina zan zo in ɗauke ka."

Ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya ce to, Allah ya kai mu. Ya rako ni har bakin titi, abin da bai taɓa iyawa ba, ya tsaya har Adaidaitan ya sha kwana.

Maganata ta tabbata, marka ta sauka, rafi ya cika ya tumbatsa, Ɗan'asabe ya jingine motarsa. Wata safiya na hau surin don na kwana biyu ban ji shi ba, ina hawa wayar ta yi ƙara. Maman Ify ce. Ta ce Malam ya faɗi bayan ya dawo daga masallaci, jininsa ne ya hau, suna asibiti, in taho yanzu. Na damƙa wa Bintu Zara na zura da gudu. A bakin rafi na tarar da mutane zaune suna jiran ruwa ya ja, jajawur yake tafe da rassan itace. Na roƙi samari, suka ce ko su ba za su shiga ba. Na zauna a kan laka ina kallon ƙetaren, babu sabis, ban san me ake ciki ba. Na ji kiran azahar daga garin ina zaune. Da ruwan ya sauko zuwa ƙirji na ɗaure zanena na kama igiyar da suka ja, na haye, na bi burtali da ƙafa har kwalta, jiƙe, ba takalmi. Mota uku ta wuce ni kafin wata ta tsaya.

Bayan la'asar na isa Sabon Gari. Na tarar da benci a ƙofar kemis ba kowa a kai, an rufe shagon rabi. Tun hantsi ya cika. Ba Modu, wanda bai taɓa taka dokin ƙofar nan ba, shi ya je asibitin da mota ya ɗauki ƙaninsa. Maman Ify ta roƙe shi a jira ni, ya ce gawa ba ta jira, suka sallace shi da azahar a Fagge suka kai shi. Ban ga fuskarsa ba. Ladan ya ce mini yana kusa da shi, ya cika da kalmar shahada. Maman Ify kuma ta ce in gaya wa duk mai tambaya, an binne Malam Bukar da ƙafafunsa biyu.

Har gobe ban ce na yi kuskure ba. Da a Tudun Gawo ya faɗi a ranar, ko kwalta ba zai gani ba, kuma da ban kai shi Sabon Gari ba da tuni an yanke ƙafar ko ta tafi da shi tun da rani. Wannan na sani, kuma shi nake gaya wa kaina. Amma ku 'ya'yansa ne, ba zan ɓoye muku sauran ba. Da na shiga ɗakin don in tattara kayansa, sai na ga babu abin tattarawa, komai yana ɗaure a cikin zanen gado a bakin ƙofa. Na juyo na kalli Maman Ify. Ta share ido da bayan hannu.

"Tun ranar da kika tafi ya ɗaure su. Kullum da safe sai ya fito bakin shago ya ɗaga kai ya duba sama, ya ce mini, Madam, kina ganin ruwan nan ya kusa ɗaukewa?"